Wuyan da Ban Taɓa Dubawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwata a Makarfi ba, ko da yake na so in manta. Lokacin mulkin soja ne, zamanin da ake layi a kan sabulu da madara. Ni kuwa sabon malamin kimiyya ne a Ikara, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro allo.

A makon ma na koyar da darasin wata 'yar tsoka da ke wuya. Ƙwaƙwalwa ce ke ba ta umarni, ita kuma ta zuba sinadari a jini. In ta yi sanyi, sai ƙwaƙwalwar ma ta yi sanyi, mutum ya riƙa mantuwa da barci da baƙin ciki. (Har zane na yi, da alli kala biyu.)

Innarmu ta shekara a haka. Mace mai zafin nama ta koma gyangyaɗi, tana naɗe da mayafi ko da zafi. Ni ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu. Ba ta kiran sunana, ni ma in na gaishe ta ƙasa nake kallo. Sai na yanke cewa son jiki ne.

Ranar biki abokaina malamai suka zo, abinci shiru. Na shiga ciki na tarar tana barci a zaune, a tsakiyar mata. Wallahi ban san sadda na ɗaga murya ba: "Haba Inna! Baƙi na jira, ku kuna barci?"



Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu, tsohuwar nas, ta taso ta ɗan janye mayafin. Ga maƙoƙo kamar ƙwan agwagwa.

"Malam," ta ce, "me ka ce kana koyarwa?"

Na rasa inda zan sa kaina. Amma abin da ya karya ni shi ne Inna, da ta mayar da mayafinta ta ce a hankali, "Ƙyale shi, Rifkatu. Yaron nan ya gaji ne."

Mun kai ta asibiti a Zariya, magani ya ɗan dawo da ita. Har ta rasu ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni kuma kunya ta hana ni neman gafara yadda ya kamata. Abin yana cina har gobe.

Shekara da shekaru ina zana wuyan nan a allo, amma ban ƙara yin takama da shi ba. Na gane cewa malamin da ya haddace littafi, ya kamata ya riƙa ɗaga kai in ya shiga gidansu.