Gwankin da Ya Gyaɗa wa Sarkin Baka Kai

Duk faɗin jihar Montana ta Amurka, in ka cire duwatsu, babu abin da ya kai Delmar Hoskins girma. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma ba mutum ne mai yabon kansa ba, sai in an ba shi dama, ko in an hana shi. Tayar mota yake sayarwa a garinmu na Bitterfork, amma wannan na rufin asiri ne kawai. Ainihin baiwarsa farautar elk ce, ƙaton gwankin nan na duwatsunmu mai ƙaho kamar rassan itace. Shi ya naɗa kansa Sarkin Baka, mu kuma muka bar masa, tunda babu mai neman sarautar.

Ƙahonin da ke rataye a shagonsa sun isa shaida. 'Yan hassada na cewa a gwanjon kayan wani mamaci ya saye su. To ai sayen ma sai mai ido.

Bana aka zo zaɓen shugaban ƙungiyar mafarauta, Delmar ya fito takara. Abokin karawarsa yayan matarsa ne, Vern, mutumin da bai iya ganin suruki ya wuce bai tsokane shi ba.

"Suruki, labari dai mun sha," in ji Vern a gaban jama'a. "Nama ne ba mu taɓa gani ba. Ƙanwata har ta haƙura ta cika firizarku da kabewa."

Delmar ya miƙe, ya gyara bel. "Ku shaida! In aka rufe farautar bana ban kayar da namijin gwanki ba, na janye. Kujera ta Vern ce."

Saura mako guda a rufe. Ƙanƙara ta rufe duwatsu, baƙin mafarauta kuma sun rufe ƙanƙarar, duk inda ka duba rigar nan ce mai ruwan lemo da doka ta ce a sa don kada a harbi juna. Da wani ne, da ya shiga daji tun da asuba. Delmar kuwa zauren coci ya kama, ya kira lacca, don ilimi irin nasa ɓoye shi zalunci ne.

"Sirrin ƙarshen kaka guda ne," ya ce wa zauren da ya cika maƙil. "Ka je inda babu kowa!"

Wani baƙo ya ɗaga hannu. "Ina ne wurin, maigida?"

Delmar ya warware taswira, ya ɗora yatsa a kan Kwarin Shiru. "Nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ku ma ku riƙe bakinku. Sannan ka zama gwanki. Ka shafa fitsarin ta-macen, ka busa usur ɗin kira, duk ina sayarwa a shago. Na ƙarshe, mai harbi daga cikin mota ba mafarauci ba ne, mahauci ne mai lasin tuƙi."

Washegari aka yi cunkoson motoci a Kwarin Shiru. Kafin hantsi wata mata ta kafa teburin kofi da soyayyen ƙwai. Kowa na wari, kowa na busa. Gwankaye dai sun gama barbara tun watan jiya, sun daina kuka, amma ranar duk wanda ya busa sai an amsa masa. Delmar ya wuni a kwance cikin ƙanƙara yana musayar kira da wani ƙato a bayan tudu, yana raɗa wa almajiran da ya samu a lacca cewa tsohon gwanki ne, kuma ransa a ɓace yake. Da la'asar ƙaton ya leƙo. Likitan haƙori ne, da usur ɗin shagon Delmar a baki.

"Na sani tun farko," in ji Delmar. "Gwada ku nake yi."

Su kuwa gwankayen, tuni suka tsallaka shingen wata gonar da aka hana farauta, suka kwanta suna tuƙa, suna kallonmu.

Haka makon ya ƙare. Ranar ƙarshe da yamma Delmar ya kamo hanyar gida, jerin motocin almajirai na biye, Vern na gefensa ya fitar da kai ta taga saboda wari. Tsoro ya kama Sarkin Baka, tsoro na gaske. Ba yunwa yake tsoro ba. Yana hango Vern ne a kan kujerar nan, da gudumar shugaban taro a hannu.

Suna shan kwana sai ga shi. Namijin gwanki, tsaye a fili daf da titi, ƙaho kamar an zana.

Delmar ya take birki, ya zura bindiga ta taga.

"Suruki, mahauci mai lasin fa?"

"Doka don ɗalibai ake yin ta. Kau da kanka!"

Ya ɗana, ya harba. Duwatsu suka amsa. Gwanki ya juyo a hankali, ya dube shi, ya gyaɗa kai.

"Kun gani?" ya ƙwala wa almajiran da suka firfito. "Ya ji a jikinsa! Na ƙarshen kaka taurin rai gare shi, yana mutuwa a tsaye bai sani ba."

Ya sake harbi. Gwanki ya kaɗa wutsiya. Ya juye bindigar kaf, ya sake ɗurawa, yana harbi yana bayani, har ya nuna musu daidai inda kowane harsashi ya shiga, wannan huhu, wannan kafaɗa. Gwanki ya sake gyaɗa kai, kamar mai ba shi gaskiya.

Sai wata jami'ar gandun daji ta fito daga bayan itace, da rimot a hannu.

"Malam, ya isa haka, batir zai ƙare."

Mutum-mutumi ne, fata ta gaske, wuya mai inji, irin wanda ake kafa wa masu harbi daga mota. Vern ya zauna a ƙanƙara yana share hawayen dariya.

Amma Sarkin Baka ba ya faɗuwa haka kawai. Ya gyara hula. "To, a rubuta. Da na gaske ne, da tuni yana ƙasa. Alkawarina kenan a ma'ana. Ƙarfe ne ya tare harsashin."

"Tarar harbi daga titi tana kanka," in ji jami'ar. "Akwai kuma ta lalata kayan hukuma. Bari in duba ɓarnar."

Ta zagaya gwankin. Ta shafa kafaɗa, ta shafa haƙarƙari, ta leƙa ƙarƙashin ciki. Jama'a suka matso suna taya ta nema.

"Ka yi sa'a, malam. Ko ƙwarzane babu."

"Ki sake dubawa."

"Na duba. Allon titin can dai ya ji jiki."

Delmar ya matso kusa da ita, ya rage murya, abin da ba mu taɓa ji ya yi ba. "Baiwar Allah, ki ci ni tarar nan. Ko nawa ce zan biya. Rami ɗaya kawai za ki ce kin gani."

Ta saka rimot ɗinta cikin aljihu.

"Yi haƙuri, malam. Doka ba ta yarda in hukunta mutum a kan abin da bai iya ba."