Nomau da Lambun Taya

A Unguwar Fako akwai wani mutum ana ce masa Nomau, yana zaune da matarsa Delu da mahaifiyarsa Iya Tabawa. Ba a taɓa kama shi da ƙin bin umarni ba, kuma wannan ita ce matsalar. Bayan gidansu tsandauri ne, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Iya ta ce in kaka ta yi bai fitar da ko ganyen miya a wurin ba, za ta ba ƙanensa ya yi garken awaki.

Wata rana malamin gona, Malam Hashimu, ya ce masa, "Nemi tsofaffin tayoyi ka cika da ƙasa mai taki. Tsofaffi fa sosai." Nomau ya zagaya gari yana duba taya kamar mai sayen rago. Da azahar Ɗan'azumi direba ya farka daga barci ya tarar da motarsa a kan duwatsu.

"Kai Nomau, ina ƙafafun motata?"

"Tsofaffi aka ce. Na duba ko'ina, babu waɗanda suka kai naka."

Ɗan'azumi bai iya musa wannan ba. Ya kai shi wurin mai faci ya roƙa masa yasassu, ya karɓi nasa.

Wata rana Malam Hashimu ya ce taya tana ɗauke da dattin hanya da baƙin mai, a wanke ta kamar ana yi wa jariri wanka. Nomau ya ɗumama ruwa, ya gwada zafinsa da gwiwar hannu, ya cuɗa kowace da soso, ya shafa mata hoda, ya lulluɓe su da zannuwan Delu. Da ta buɗe baki, ya ce, "Yi a hankali, yanzu suka kwanta."

Wata rana aka gaya masa baƙar roba tana ɗaukar zafi, lallai ya yi musu inuwa da abin da ya samu mafi kusa. Abin da ya fi kusa shi ne zanan banɗaki. Iya Tabawa ce ta fara gano hakan, da buta a hannu. Maganar da ta yi ba ta shiga littafi.

Wata rana Malam Hashimu ya ƙara da cewa, "Roba in ta tsufa tana iya zubar da abin da ba a son ci. Kada ƙasar shukarka ta taɓa ta ko kaɗan." Nufinsa a shimfiɗa buhu a ciki. Nomau ya ga buhu yana da ƙofofi. Ya kwashe tukwanen ƙasa na Delu har da randa, ya huda gindinsu, ya shuka tumatir da alayyafo a ciki, ya ɗora kowace tukunya a tsakiyar taya, da tazarar yatsa.

"Da me zan yi tuwo?" in ji Delu.

"Ba a yi mini bayanin wannan ba tukuna."

Maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki. Su sun zuba ƙasa kai tsaye a roba, wasu ma a ƙonannun tayoyi. Da rana ta buɗe, saiwoyinsu suka dahu, ɗan abin da ya tsira kuma matan gari suka ce ba za su sa a miya ba. Tukwanen Nomau kuwa suka riƙe sanyi, awaki suka yi ta tunkuɗa taya ba su kai ga tukunya ba. Tumatir ya yi ja har ana hango shi daga hanya.

Iya ta ɗanɗana miyar, ta ce wa ƙanen ya nemi wani wurin. Malam Hashimu ya kawo baƙi daga birni yana cewa dabarar da ya koyar ke nan. Wani baƙo ya ce wa Nomau ya faɗaɗa lambun, ya ƙaro tayoyi.

"To," in ji Nomau, ya juya yana kallon motar baƙin.

Ɗan'azumi ya matsa kusa da direbansu ya ce, "Ɗan'uwa, in ni ne kai, yanzu zan tayar."