Iyafis ɗin Gali a Kunnen Ma'u

"Lafiya ƙalau, amarya. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Mijin banza, sai yanzu ake ganinka?"

Haka Gali da kakarsa Ma'u suke gaisawa kullum a tsakar gidansu na unguwar Jakara, shi miji ita amarya, irin wasan jika da kaka. Amma yau bakinta ne kawai yake wasan. Ƙanenta Yero ya sha jinya can ruga, ya aiko da saƙon murya wai ya warke. To, Bafulatani ne, ko ciwo ya kusa kai shi ƙasa lafiya lau zai ce. Ita numfashinsa take son ji, ga sifikar wayarta ta fashe, ga maƙeran unguwa sun cika duniya da ƙara.

Ta hango siririyar igiya a wuyan Gali. "Wannan tsutsar fa?"

"Iyafis ne na jin sauti a kunne, daga kasuwar Ƙofar Wambai. Ba na masu kuɗi ba, ba na tebur ba. Tsaka-tsaki."

"Kamar mai shi. Ba kyau, ba muni, sai ci."

"A haka kika nace sai ni. Wannan in kin sa, ko sauro ne ya yi tari a Ƙofar Na'isa sai kin ji."

"Kai da ƙarya ungozoma ɗaya ce ta yanke muku cibi."

"Asara ce ma in ba ki. Kunnenki ai ya yi ritaya."

"Kunnen da ya ji kukan ubanka ran da ya faɗo duniya? Miƙo nan."

Gali ya jona a wayarta, ya ɗage gefen ɗankwalinta, ya sa mata. Ta ce sanyi kamar hancin maraƙi. Ya danna saƙon.

Ƙarar maƙera ta ɓace. Ma'u ta lumshe ido. Ashe a bayan muryar Yero akwai iska cikin ciyawa, akwai nono yana tsartuwa a ƙwarya, wata saniya tana kiran ɗanta. Nan take ta koma 'yar yarinya, ƙafa duk raɓa, tana bin garke da sassafe. Can ƙarshen saƙon Yero ya manta bai kashe ba, sai aka ji ya daka wa wani bijimi tsawa mai ƙarfi, ba haki, ba tari.

"A tsaye yake," ta faɗa a hankali. "Yana cikin shanu."

Tausayinta ya kama Gali, amma ya daure ya miƙa hannu wai a ba shi kayansa. Ta dafe kunnuwanta biyu.

"Tun da na aure ka ko ɗan kunne ba ka taɓa sa min ba. Yau ka sa da hannunka, kuma ka ce in cire?"

Ya tuntsire da dariya. "Na ji, riƙe. A saka a lefe."

"Rabin lefe dai. Sake kunna min, saniyar nan ba ta gama magana ba."