Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa a Bakin Gada

Ba zan taɓa mantawa da gyaran da na yi wa fitilar akwalar motata ba, a shekarun dokar hana fita da shingayen sojoji a Jimeta. Fitilar nan ra'ayinta take bi. Yau ta kama, gobe ta ƙi, wani lokaci ana cikin tafiya ta ɗauke, sai na kai wa dashbod duka ta dawo. Na canza ƙwai, na canza fis, na kankare kan batir, duk a banza. Wani mai wayarin mota a unguwar Bekaji ya ce in bar masa motar ya bi wayoyin a tsanake. Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, in koma hawa keke?

Sai na yanke hukunci cewa makunni ne ya lalace. Na samo waya na tsallake shi, na haɗa fitila da batir kai tsaye. In zan tashi in buɗe bonet in maƙala, in na isa in cire. (Har a ɗakin malamai na yi alfahari da wannan basira, Allah ya yafe mini.)

Lokacin ina neman auren Asma'u, maganar kuma tana hannun Bappanta, wani dattijon Girei da bai gama yarda da ni ba. Rannan shi da Goggonta suka zo bikin suna a Yola Gari, magariba ta yi musu babu mota. Na gyara babbar riga na ce, "Bappa, ai ga mota."

Kowa ya san ƙa'idar shinge a lokacin: ka kashe fitilar gaba, ka kunna ta ciki, ka matso a hankali. Sai da muka iso shingen bakin gadar Binuwai na murɗa makunni, sannan na tuna cewa yanzu ado ne kawai.

"Kashe wuta!" in ji wani soja, hannunsa a kan idonsa.

"Malam, kashe mana," in ji Bappa a hankali.

Don tsabar ruɗewa na ɓalle ƙofa, na ruga na ɗaga bonet, na kama laluben waya. Ku duba fa: a wancan zamani, a gaban soja, mutum ya fito a guje yana taɓa waya. Na ji an ɗana bindiga, Goggo ta ɗauki salati.

Da suka gane abin da na ƙulla, hukuncin tsallen kwaɗo ne, a gaban motar, cikin babbar riga. Munafukar fitilar da kullum sai an lallashe ta, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta haske ni tas, duk layin motoci suna kallo. Kunya kamar in nutse a Binuwai.

Bappa ne ya fito ya cece ni. "Ku yi haƙuri, yaron ba mugu ba ne, wauta ce kawai."

Na kai su har Girei. Da suka sauka na ji ya ce wa Goggo da Fulatanci, a zatonsa ba na ji, "A ba shi. Mai wauta a fili haka ba zai iya cutar yarinya a ɓoye ba."

To, da wannan shaidar na samu mata, ba da kimiyya ba. Tun daga ranar, duk abin da zan kunna sai na fara tambayar ta ina ake kashe shi.