Rasuwar Baturiya, Bindigar Gidan Abdulghani

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da bai sami mai taya shi ɗauka ba, Malam Isha'aku mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, mazaunin Madain Fahd a birnin Jidda, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baturiya, bindigar farauta ta gidan marigayi Shaihu Abdulghani mai shagon yadi a Bagdadiyya. An tabbatar da rasuwar ranar Talata da hantsi, cikin Sha'aban na shekarar 2011, sa'ad da aka buɗe kabad ɗin ƙarfen da take ciki. Ba a san ranar da rai ya yi halinsa ba, domin ba kowa a wurinta.

Marigayiyar ta shigo gidan a 1976, da takardunta cikakku da sunan maigidan. Shekara uku bayan nan Isha'aku ya tarar da ita. Aikin Hajji ya kawo shi, fari ya hana shi komawa, yana dako a bakin kasuwa har ranar da ya kai ɗaurin yadi gidan Shaihu, ya hangi bindiga a kan tabarma ana goge ta da tsumma mai ƙura. Bai iya yin shiru ba, domin ya yi shekara takwas yana gadin gandun daji a gida. Shaihu ya ji yadda yake magana, ya dube shi sama da ƙasa, kafin wata ya ƙare ya zama kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, wato takardar zama, ya ba shi ɗaki a bayan gida.

Baturiya mai kamun kai ce. Ba ta taɓa tashi ba a taɓa kunamarta ba, ba ta taɓa ƙin tashi an taɓa ba. Idan aka ja ƙarfenta aka mayar, cewa take ƙaras, ƙas, a natse, kamar mai rufe ƙofa kada ta tashi mai barci. Idan ta yi magana kuwa kalma ɗaya ce, tau, sai duwatsun gabas da Jidda su maimaita mata. Ba ta cin harsashin kanti. Nata a gida ake haɗawa, a wani ɗan ɗaki kusa da garejin mota: Shaihu yana auna albarushi a ƙaramin sikeli, Isha'aku yana wanke kwanso yana ɗora ƙwayar dalma yana matsewa. Duk Alhamis bayan sallar asuba su ukun suke fita daji, su kafa kwali a taku ɗari biyu. Ba a ƙirga fiye da barewa biyu da ta kayar ba a rayuwarta. Kwali ta fi ci.

A kanta ne mutanen nan biyu suka yi gardamar da ta fi kowace daɗewa a gidan. Shaihu yana ɗaga kowace ƙwaya ya duba ta a hasken taga, duk wadda tsininta ya ɗan lotse sai ya jefar, ya ce lotsattsen kai ba ya zuwa inda aka aike shi. Isha'aku ya ce ba haka ya gani a daji ba, tsini ba ya ɓata tafiya sosai, gindin ƙwaya shi ne abin tsoro. Shaihu ya yi dariya ya ce yaushe mutumin Tawa ya fara koya wa Bajidde harbi. Isha'aku ya riƙa tsince yasassun yana tarawa a gwangwanin madara.

Wata Alhamis a 1984 Shaihu ya harba biyar, suka taka zuwa wurin kwali, suka tarar da huda biyar da gindin kofin shayi zai rufe su.

"Ka ga amfanin zaɓe, ya Ishak?" in ji Shaihu, yana buga kwalin da yatsa.

"Ammi, ka yi haƙuri," in ji Isha'aku, wanda haka yake kiransa da Larabci, wato baffa. "Gaskiya zan faɗa. Biyar ɗin nan daga gwangwanin yasassu na ɗebo su."

Shaihu ya juya ya nufi mota. Kwana uku ba ya amsa masa sai sallama. Isha'aku ya ɗaure 'yan kayansa, domin ya san zaman baƙo a garin nan a hannun kafilinsa yake, kalma ɗaya ta isa a sa shi a jirgi. Rana ta huɗu Shaihu ya leƙo ɗakinsa riƙe da zarto ƙarami.

"Yalla, tashi. Ɓata mini gindin guda biyar, mu ga ƙarshen ƙaryarka."

Aka ɓata, aka harba, suka watse a kwali kamar an watsa wa kaji tsaba, ɗaya ma ba a ga inda ta bi ba. Marigayiyar ta ba da shaida a fili, amma Shaihu ya ce sa'a ce kawai, ya ci gaba da jefar da lotsattsu, Isha'aku ya ci gaba da tsincewa. Shekara goma sha bakwai suna wannan, ba wanda ya so a gama.

Sai ciwon suga ya taɓa idon Shaihu. Hudar ta fara faɗi, daga kofin shayi zuwa faranti, daga faranti zuwa faifai. Wata safiya Baturiya ta ce tau, Isha'aku ya ɗora madubin hange a ido, ya ga kwali fari fat. Shaihu yana tsugune, bai ɗago ba, ya tambaya ina ƙwayar ta faɗa. Muryarsa ce ta tsorata Isha'aku, domin bai taɓa jin ta yi ƙasa haka ba.

"Laifina ne, Ammi. Tsininta a lotse yake, ban duba ba."

"Shekara nawa ina gaya maka!" in ji tsohon, fuskarsa ta washe.

Daga ranar Isha'aku ya ajiye gardamar da ya riga ya ci. Duk Laraba yakan ɗauki ƙwayoyin ya ɗan buga kansu a gefen tebur, don idan an nemi mai laifi a same shi a hannu. Shekara shida ana haka. A fitarsu ta ƙarshe, suna komowa a mota, Shaihu yana juya wani harsashi a tafin hannunsa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Idona ne ya tafi, ya Ishak, yatsuna suna nan. Duk a gefe ɗaya kake buga su."

Isha'aku ya riƙe sitiyari.

"Halas, shi ke nan. Tuƙa mu gida. Allah Ya yi maka albarka."

Shaihu Abdulghani ya rasu a 2008. Daga nan jinyar marigayiyar ta fara. Babban ɗansa Husaini ya kulle kabad ya tafi da makulli Riyad, inda yake aiki. Ba mugunta ba ce: takarda da sunan mamaci take, kuma ba daidai ba ne a sami baƙo riƙe da makami. Aka sayar da sashen bayan gida inda ɗakinsa yake, Isha'aku ya koma ɗakin haya a Madain Fahd, yana zuwa ban ruwan shuke-shuke sau biyu a mako. Yakan tsaya a gaban kabad da kwalbar mai a aljihu. Ya san abin da gumin Jidda da gishirin teku suke yi wa ƙarfe. Sau huɗu ya yi wa Husaini waya, sau huɗu aka ce in sha Allahu bayan Idi. Da aka buɗe a ƙarshe, tsatsa ta cinye cikin bututun, katakon ya tsage, ƙarfen ya ƙi motsi. Isha'aku ya ja da hannu biyu. Ba ta ce komai ba.

Ta rasu ta bar sikeli guda, da abin matse harsashi, da kwanso arba'in da uku wankakku, da maɗaurin fata da Isha'aku ya ɗinka mata da hannunsa. Ta bar gwangwanin madara cike har baki. Ta kuma bar shi Isha'akun, mai shekara sittin da takwas, wanda matarsa Aissa ta rasu a Tawa yana nan, kuma 'yarsa Fatouma ta fi sanin muryarsa a kaset fiye da fuskarsa. A duk Jidda ba sauran wanda ya san cewa ya taɓa cin wata gardama.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Isha'aku ya riga ya goge ta iyakar abin da zai gogu, ya naɗe ta da farin yadi daga ragowar shagon Shaihu. Za a ɗauke ta daga gidan Bagdadiyya a motar Husaini zuwa ofishin hukuma, inda ake karɓar irinta a yanka a narkar. Ba a buƙatar rakiya. An yarda Isha'aku ya zauna a kujerar baya ya riƙe ta a cinyarsa har bakin ƙofa, amma ba zai sauka ba, domin iƙamarsa ta ƙare, takardar fita daga ƙasar ce a hannunsa. Husaini ne zai shiga da ita shi kaɗai.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakinsa da ke bayan shagon Na'ibi tela, Asabar da Lahadi da Litinin, tsakanin la'asar da magariba. Akwai shayi, akwai tabarma. Ana roƙon mai niyyar zuwa kada ya jinkirta, domin ranar Talata mai ɗaki zai karɓi makullinsa, wanda ya zo bayan nan ba zai tarar da kowa ba.