Wuƙar Bama da Ragon Layya

In ana lissafin jaruman Tudun Wada, dole a fara da Alhaji Khubaib Kailani, wanda 'yan unguwa ke kira Janar na Falo. Bai taɓa sa kaki ba, amma wannan ai ƙaramin abu ne. Wuƙaƙen yaƙi arba'in gare shi, duk ƙirar hannu, kowacce kwance gefen kubenta a kabad ɗin gilashi. Baƙo bai isa ya sha ruwa ba sai ya sha tarihinsu.

"Wannan ta je yaƙin Bama ta dawo," haka yake cewa, yana shafa gilashin. "Tsatsar nan ita ce darajarta. Jahili kaɗai ke wasa wuƙar tarihi."

Da 'yan sintirin unguwa suka fara neman shugaba, Janar ya ga ai zaɓe ya ƙare, saura ya nuna musu aiki. Sai ya yi shela cewa bana babu ruwansa da mahauci. Da hannunsa zai yanka ragon layya, kuma da wuƙar Bama.

Ana saukowa daga idi ƙofar gidansa ta cika. 'Yan sintiri suka kayar da rago, suka fuskantar da shi alƙibla. Janar ya zare wuƙa daga kube a hankali, don masu ɗauka da waya su samu da kyau.

Liman Sharfaddeen ya miƙo hannu ya karɓa. Ya gwada bakinta a farcensa, ya sake gwadawa.

"Alhaji, azabtar da dabba za ka yi. A wasa ta."

"A wasa? Allah gafarta Malam, shekararta tamanin fa!"

"To a kawo wata."

Sauran talatin da taran kuwa duk haka suke, ko kabewa ba za su huda ba. Abin har da ban tausayi. Can sai matarsa, Hajiya Bahijja, ta miƙo wuƙar yankan albasarta daga zaure. Janar ya dubi wuƙar, ya dubi wuyan rago, ya ce jiri yake ji. Liman ya yi bisimilla ya yanka.

Washegari 'yan sintiri suka yi sallama a ƙofar gidan. Janar ya fito da sauri yana gyara hula, jawabin karɓar mulki na bakinsa.

"Alhaji, barka da Sallah," in ji babbansu. "Don Allah a tambayar mana Hajiya wajen wa take kai wuƙarta wasa."