Tsintsiyar Malama Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba ko da na so, domin waɗanda suka shaida abin ba masu barin mutum ya manta ba ne. Akwai Hajiya Turai mai gidan da abin ya faru. Akwai Adama Bafulatana mai nono (wadda labari ke riga ƙwaryarta shiga gidaje). Akwai Malama Rifkatu 'yar haya, da jikata Hadiza, sai ni uwar gayya.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, bangon Ƙofar Marusa duk an liƙe shi da hotunan 'yan siyasa. Gari na maganar mulki, mu a gida maganar Hadiza muke. Bara ta ci jarrabawar shiga makarantar jinya, amma da aka zaunar da ita gaban manya suka jefo mata tambaya da Turanci, sai baki ya ɗinke. Ubanta, wato ɗana, ya ce in ta sake faɗuwa bana, keken ɗinki ke jiranta. Malama Rifkatu, mutuniyar Kudancin Kaduna mai koyarwa a sakandare, ta ji labari ta ce a riƙa turo mata ita bayan la'asar.

Ni ban taɓa taka aji ba, amma ban taɓa barin abu ya wuce idona ba. A unguwarmu yarinya in ta ji takuna, ɗankwali take gyarawa. To wane irin karatu ne wannan da ake tafiya ba littafi, a dawo ana dariya? Na yafa mayafi na bi sawu, na laɓe a zaure.

Abin da na gani sai da ya tsayar mini da numfashi. Hadiza ce hakimce a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana nuni da yatsa. Malama kuwa, macen da ta haife ta da ragi, tana tsaye gabanta. Yarinya ta yi wani yare, Malama ta cire takalmi. Ta sake yi, ta mayar. Sai na ji ta ɗaga murya, "Yu mos fik of!" tana nuna tsintsiya. Malama ta ɓata rai, ta duƙa ta ɗauka.

Ban san lokacin da na tsallaka tsakar gidan ba. Kunnen Hadiza na kama, na miƙar da ita.

"Ke! Ɗiyar wa ce ke? A gidan wa kika ga yaro zaune babba na shara?"

"Iya, tsaya ki ji..."

"In ji mi? Idona ya gani!"

Na ƙwace tsintsiyar daga hannun Malama, na tura baiwar Allah kan kujerar da ƙarfi. Da nan na tsaya, da sauƙi. Ina! Sai na buɗe wa'azi. Na kawo tarihin gidanmu tun daga kakana. Na ce Turanci yare ne da aka haifa ba kunya. Na juya kan Malama na ce ita ma da laifinta, wanda ya zubar da girmansa a ƙasa kaji ne ke tsattsaga. Na rufe da cewa karatu ya ƙare daga yau. (Hadizar ce ke rubuta mini wannan, ga ta nan tana ƙunshe dariya. Rubuta, mara kunya.)

Malama ta bari sai da na sauke numfashi. Sannan ta zamo daga kujerar ta durƙusa.

"Mama, ina wuni? Ya gida? Ya ƙafa?"

Kun ji fa. Ni da na zo koyar da ladabi, ko sallama ban yi ba.

"Mama, asibiti muke yi," ta ce. "Ita ce nas, ni ce mara lafiya. Gobe tsofaffi za ta riƙa cewa su kwanta, su tashi, su cire riga. Manyan da za su yi mata tambaya, abin da za su saurara ke nan."

Sai ta yi mini bayani yadda ko jariri zai gane. Wai a Turanci kalmar aiki sau da yawa tafe take da goyo, 'yar ƙaramar kalma a bayanta. In ka canza goyon, aikin ya canza: uwa ɗaya ce, da wannan goyon a sa abu, da wancan a ajiye shi. Sannan akwai wadda ke shiga gabansu kamar ɗan jagora, ita ke nuna fuskar maganar. Wata dole ce, wata shawara, wata roƙo.

"Shi ya sa kika ga na ɓata rai, Mama. Da ta dole ta aike ni. In ta ce 'kud yu', wato ko za ki daure, da murmushi nake yi. A allo ba ya shiga. Sai ta ga fuskata ta canza sannan ya zauna mata."

Ashe ladabin da na shigo da tsiya in koyar, shi matar nan ke koyarwa, da gwiwoyinta, da takalmanta. Ni da baki nake horo, ita da jikinta.

"Hadiza, nuna wa Mama ta roƙon," in ji ta.

Yarinya ta buɗe baki. Shiru. Ta sake buɗewa, sai hawaye. Bakin nan ya ɗinke kamar bara, kuma a wannan karon ni ce allurar.

Malama ba ta ɗaga murya ba. "Yau ne ta fara magana da ƙarfi," kawai ta ce.

Hajiya Turai ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa. Adama ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Iya, a auna maki nono, ko sharar za ki ƙarasa?"

Na fita kai a sama, ina amsa gaisuwar mutane a hanya da ƙasaita. Sai da na isa ƙofar ɗakina na ga abin da suke kallo. Tsintsiyar Malama na hannuna, na riƙe ta kamar sandar girma.

Hadiza ta ƙi tuwo, ta ce ba za ta iya sake haɗa ido da Malama ba, a kawo keken. Nan na gane cewa ido, komai kaifinsa, rabin labari yake kawowa, sauran sai an yi sallama an tambaya.

Da safe, kafin Malama ta fita aiki, na sa yarinya a gaba, tsintsiya a hammata, kwanon ƙosai a hannu. Na yi sallama har sau uku. Na gaida Malama gaisuwar da ban yi jiya ba, na haɗa da ta yau, na ba ta haƙuri a gaban Hajiya Turai. Sannan na tsaya ƙiƙam a tsakar gida.

"Malama, huta da gwiwoyinki. Ga mara lafiya ta zo. Wadda ta iya zaunar da ni, babu babban da zai gagare ta."

Hadiza ta dube ni. "Yu mos..."

Na harare ta. Wannan kam na riga na san ta.

Ta kwashe da dariya, ta share ido, ta gyara tsayuwa. "Kud yu sit dawun, Iya?"

Na zauna.